Ranar da na ƙi katin Albashir

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Wasunku sun rubuto suna ƙorafi, wai labarina babu kuka, babu suma, babu gadon asibiti. Gaskiya ne. Yau ma babu. Abin da ke akwai shi ne kwamfuta uku, da kati, da wani mutumin Argungu mai suna Albashir.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Ni'imatullahi, a gida Ni'ima. A Nassarawa ta Birnin Kebbi aka haife ni. Na yi karatun zanen gine-gine a Indiya, na dawo a shekarun da wayar hannu ta fara shiga garinmu, na samu aiki a ƙaramin ofishin zane na Injiniya Ladan. Mutane sun ɗauka wadda ta zauna a Indiya za ta dawo da waƙa da rawa a cikin ruwan sama. Ni da sukudireba na dawo, da ciwon wuya.

Albashir maƙwabcin Gwaggo Baiwa ne, ƙanwar Babana da ke aure a Argungu. Ita ta haɗa mu. Gidansu masunta ne tun kakanni, shi kaɗai ya bar ruwa ya buɗe shagon kwamfuta kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi. Yakan zo zance da yamma, ya ajiye babur a ƙofar gida, ya zauna a zaure ya ba ni labarin kifi, ni kuma in ba shi labarin siminti. Ina jin daɗin zuwansa. Ban taɓa gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Magabatansa dai ba su zo ba tukuna, kuma wannan ne kaɗai abin da ya hana Inna sakat.

A lokacin ofishinmu ya samu aiki mafi girma tun buɗe shi: zanen masana'antar casar shinkafa ta wata ƙungiyar manoman Zauro. Gini ne mai faɗi, rufinsa duk ƙarfe, ga bututu, ga rumbuna. Tsohuwar kwamfutarmu ta gaza. In na ce ta juya min ginin in ga bayansa, sai in je in yi alwala in dawo tana nan tana tunani.

Wata safiya Injiniya ya kira ni. Dattijo ne, da rula da fensir ya koyi aiki, kwamfuta kuma yana girmama ta daga nesa. Akwatuna uku sababbi na jere a gefen teburinsa.

"Kwamfutocin sun iso," ya ce. "Saura kati. Ke za ki zaɓa."

Bari in tsaya in yi bayani, don duk labarin a kansa yake. Katin girafik wani ɗan faifai ne kamar tafin hannu da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta. Shi ke zana duk abin da ido ke gani a allo. Iri biyu ne. Akwai na wasa, wanda aka yi don gem: launi, gudu, ƙyalli. Akwai na aiki, wanda aka yi don masu zane: layi dubbai, kowane a inda aka ajiye shi, daga safe har yamma ba tare da ya gaji ba. A ofis ba ma tsayawa dogon suna. Kati kawai muke cewa.

"Masu kawowa biyu ne," Injiniya ya ci gaba. "Wani Usmanu na Sakkwato. Sai kuma…" Ya gyara gilashi. "Yaron nan da baburinsa ke shan inuwa a ƙofar gidanku."

"Albashir."

"Ni ban kira suna ba. Litinin nake son amsa. Wanda kika nuna shi zan saya. Amma in zanen Zauro ya tsaya a hanya, ba Usmanu zan nema ba, ba kuma mai babur ba."

"Na ji, ranka ya daɗe."

Abin da Injiniya bai sani ba, ni na sani. Albashir bai jira an ba shi aikin ba. Tun da ya ji ƙishin-ƙishin ya sa aka ɗauko masa kati uku daga Legas. Shagonsa sabo ne. Gyaran firinta yake yi da koya wa 'yan makaranta buga takarda. Wannan ne karo na farko da wani ofis zai sayi kaya a hannunsa, kuma ya riga ya gaya wa duk layinsu.

To a gidanmu sabis wuri ɗaya yake kamawa: gindin darbejiyar tsakar gida, kusa da rijiya. Nan ne kuma wurin zaman Inna. Da yammar ranar tana tsintar shinkafa a faifai, wayata ta yi ƙara, na zo na tsaya a kanta.

"Ranki shi daɗe, kati ya iso!" Muryarsa har tana fitowa waje.

"Har ka kawo? Ai da ka bari an gama magana."

"Wace magana ta rage? Ki zo ki gani dai. Ba a taɓa shigo da irinai garin ga ba."

"Sai na gani da idona kafin in amince."

"Alhamis?"

"Alhamis."

Na kashe. Inna ba ta ɗago ba. Sai dai na ga tana tsintar tsakuwa tana mayarwa cikin shinkafar, bakinta na motsi kamar mai tasbihi.

"Inna, lafiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Lahiya lau. Allah shi yi albarka."

Na ce amin na wuce ɗaki. Inna na sa albarka ko ruwa ka miƙa mata, don haka ban kawo komai a raina ba.

Ranar Alhamis na sa atamfa ruwan toka da farin mayafi, na zuba sukudireba da faifan zanen Zauro a jaka, na hau kabu-kabu. Shagon cike yake. Abokansa sun zo kallo, har da masu shagunan gefe. Ina sauka aka fara.

"Ga Madam! A ba Madam kujera!"

"Albashir, goge mata, kujerar ga ta sha miya."

Shi kuma ya sha farar shadda, hula a karkace, yana murmushi kamar ranar sallah. Ya ɗauko kwalin ya ɗora min a cinya. Kwali ne babba mai sheƙi, an zana wani dodo mai fukafukai yana fitar da wuta ta baki. Katin kansa ja ne, da fanka a jikinsa. Ya riga ya sa ɗaya a kwamfutar shago.

"Tsaya ki gani."

Ya kunna tseren mota. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi kyau. Titi jiƙe da ruwa, fitilu na haskawa a cikinsa, motar na gudu ba ko gargada. Shagon ya ɗauki ihu. Wani ya ce ko a Legas sai gidan manya.

"Ya yi kyau," na ce. "Saura nawa."

Na sa faifaina. Tun farko na sa ya ɗora manhajar zanen da muke aiki da ita. Masana'antar ta buɗe, layi a kan layi kamar saƙar gizo. Na kama maus na juya ta a hankali.

Nan take na gani. Layukan suka fara ƙiftawa. Wasu ƙarafan rufin suka ɓace, na tsaya suka dawo, na motsa suka sake ɓacewa. Na matso da mahaɗar da ƙarfen rufi ke zama a kan ginshiƙi. Layin ya fito da haƙora kamar zarto. Ba za ka iya rantsewa ko ƙarfen ya hau ginshiƙin ko a iska yake ba. Na juya sau ɗaya kuma, sai komai ya daskare. Maus ya ƙi motsi.

"Zahi ne," Albashir ya ce da sauri. "Kai, kunna muna hwanka babba!"

Aka juyo da fanka kan akwatin. Muka jira. Ba abin da ya motsa sai gefen mayafina.

Duk idanun shagon suna kaina. A inda na yi karatu, da a nan take zan ce bai yi ba, kowa ya kama gabansa. Amma ba a can nake ba. Ba a gaya wa mutum kayansa bai yi ba a gaban abokansa, a cikin shagonsa, yana sanye da farar shadda. Wannan kam ban manta da shi a jirgi ba.

"Na gani," na ce. "Za mu yi magana."

"Kun ji ko?" wani ya ce. "Madam ba ta yabo a bainar jama'a. Sai an keɓe."

Aka yi dariya. Albashir ya aika aka sayo min zoɓo mai ƙanƙara. Na sha. Yana da daɗi.

Washegari Juma'a na Usmanu ya iso a hannun direban motar Sakkwato, guda ɗaya na gwaji. Kwali ne ruwan ƙasa kamar na sabulu, ba zane ba komai. Katin kore ne, siriri, ba abin kallo. Na buɗe ɗaya daga cikin sababbin akwatunan na soka shi, na ɗaure da sukuru, na haɗa masa allo biyu, don yana da baki biyu. Na buɗe Zauro.

Na juya ta hagu, na juya ta dama, na kifa ta, na leƙa rufin ta ƙasa. Kowane layi na nan, siriri kamar zare. Na matso da mahaɗar nan. Ƙarfen na zaune daram a kan ginshiƙinsa. A allo ɗaya ina ganin ginin gaba ɗaya, a ɗayan ina auna ƙofa. Dalilin ba asiri ba ne: masu manhajar zanen sun gwada ta da irin wannan katin, an gyara su sun san juna. Na bar shi yana aiki tun tafiyar maza masallaci har yamma, cikin zafin bazarar Kebbi da ke sa kujera ta ƙona mutum. Bai tsaya ba.

Injiniya, wanda na ba labarin kwalin Albashir da safe, ya zo ya tsaya a bayana, hannu a baya.

"Wannan ne na dodo?"

"A'a. Na sabulu ne."

Ya yi gyaran murya. "Litinin dai," ya ce, ya koma ofishinsa.

Zaɓi ya ƙare ke nan. Ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa na kasa cin abinci ba. Tuwon shinkafa da miyar kuka aka yi, na ci na ƙara. Abin da ban sani ba shi ne ko baburin nan zai sake shan inuwa a ƙofar gidanmu bayan na faɗa. Na san maza da suka daina gaisuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Saƙonsa ya shigo ina wanke hannu.

"Ranki shi daɗe, ya katinmu? Na san ya burge ki, kunya ta hana ki hwaɗi."

Na rubuta "Bai yi ba," na goge. Ba maganar saƙo ba ce. Na rubuta: "Gobe za mu je Argungu da Inna. Za mu yi magana a can."

"Ni ma gida zan kwana. Sai kin zo."

Ita tafiyar Argungun Inna ce ta tsiro da ita, wai ta kwana biyu ba ta ga Gwaggo ba. Da safe na ga ta fito cikin leshinta mai ruwan zuma, wanda ba ya barin akwati sai da dalili, ga awarwaro, ga turare har zaure. Ni doguwar riga baƙa na zura.

"Haka za ki tahi?"

"Gidan Gwaggo ne fa, Inna."

"Koma ki sa shuɗiyar atamhwar nan. Da ɗan kunne."

Na koma na sa. Ba na gardama da Inna a kan tufafi, ba a cin riba.

Hanya ta yi daɗi. Shinkafar rani ta yi kore shar a fadama, balbelu sun bi ta fari fat, injinan ban ruwa na ta tari. Muna shiga unguwar su Gwaggo ƙamshin bandar kifi ya tare mu. Homar kamun kifi na shanye a jikin katanga, goruna manya na kife a gindinta.

Ɗakin Gwaggo cike yake da mata. Wannan ya ɗan ba ni mamaki, don ba suna ba biki. Na durƙusa na bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ban san su ba. Wanda ya yi shekaru a waje haka yake dawowa, kowa ya san shi, shi bai san kowa ba. Akwai wata doguwa mai mayafi ruwan goro a gefen gado, ta riƙe hannuna ta daɗe tana dubana, ta ce Allah shi yi albarka. Na ce amin.

Gwaggo Baiwa ta jawo ni kusa da ita. Ita ba ta iya magana a hankali ba.

"Ba'indiya! Ashe haka kuke yi, ku 'yan boko? Sai dai mu ji ga bakin Innarki an kawo kati?"

Na yi mamakin yadda Gwaggo ta damu da kayan kwamfuta, amma na ɗauka Albashir ne ya cika unguwa da labari.

"An kawo, Gwaggo."

"Kin gani da idonki?"

"Na gani ranar Alhamis."

"To ya yi kyau?"

"Kyau kam yana da shi. Ja ne. Har da zanen dodo yana fitar da wuta."

"Dodo?" wata tsohuwa ta ce. "Ga kati? A'uzubillahi. Da hure anka sani."

"Zamani ne," Gwaggo ta ce. "Bar su. To yaushe za a hwara rabawa?"

Ban fahimci tambayar ba, don haka na amsa wadda na fahimta.

"Ai ba zan karɓa ba, Gwaggo."

Ɗakin ya yi tsit. Har kazar da ke bakin ƙofa ta tsaya.

"Mi kic ce?"

"Bai yi ba. Na gwada shi. Kyan gani ne kawai, na wasa ne. Ba ya ɗaukar nauyi. Da an ɗora masa aiki sai ya yi zafi ya tsaya. Na samu wani daga Sakkwato, na wani Usmanu. Ba shi da kyau, amma yana da juriya. Shi zan ɗauka."

Na faɗi wannan da Hausata ta rediyo, kalma bayan kalma, yadda ba wadda za ta ce ba ta ji ba.

Mai mayafi ruwan goro ta miƙe. Ba ta yi sauri ba. Ta gyara mayafinta, ta nemi takalmanta a bakin ƙofa.

"Baiwa, sai an jima."

"Hajiya Riskuwa, tsaya mana! Hajiya!"

Ba ta tsaya ba. Inna ta dafe ƙirji.

"Ni'imatu. Wane ne Usmanu?"

"Mai kawo kaya ne, Inna. Ban taɓa ganinsa ba ma."

"Ba ki taɓa ganinai ba za ki aure shi?"

"In aure shi?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min gaba ɗaya: gindin darbejiya, leshi, ɗan kunne, matan nan, rabawa.

"Inna. Wane kati kika ce musu an kawo?"

"Katin biki mana! Da kunnena na ji. Ya ce kati ya iso, kika ce sai kin gani za ki amince."

"Na kwamfuta ne. Ƙarfe ne da ake sa wa kwamfuta a ciki."

Gwaggo ce ta fara. Ta kwanta a jikin matar gefenta tana dariya har tana buga cinya.

"Shina zahi shi tsaya! Wayyo cikina! Ba ya ɗaukar nauyi!"

Ɗakin ya barke. Inna kaɗai ba ta yi ba. Ta matso ta kama kunnena, wanda na sa wa ɗan kunnen.

"Kin san wadda ta hita?"

"A'a."

"Uwar Albashir ce."

Gwaggo ta share hawaye ta ɗauki mayafi ta ce bari ta bi ta kafin magana ta kai bakin gulbi. Ba ta kai ga fita ba aka yi sallama a waje, aka ce Albashir na kiran Ni'ima.

Bayan gidan Gwaggo akwai wata tsamiya da ke kallon ruwa, jirage na ɗaure a ƙasanta. A nan na same shi. Ba shadda yau. Tsohuwar riga ce, wando a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafu duk laka. A hannunsa akwai giwan ruwa mai tsawon hannu, an zura masa igiya ta baki. Da alama daga ruwa ya dawo ya tarar da labari, bai ko tuna ya ajiye ba.

"An ce kin ƙi ni," ya ce. "An ce na wasa ne ni."

"Kati na ce."

"An ce akwai Usmanu."

"Usmanu mai kayan kwamfuta na Sakkwato."

"Mai tumbi? Wanda haƙoransa na gaba sunka zube?"

"Ban sani ba. Kwalinsa kawai na gani."

"Yana da jikoki, Ni'ima."

"Allah ya raya su."

Dariya ta ƙwace masa, har kifin na lilo. Na bar shi ya yi har ya ƙoshi, don na san abin da ke biye. Shi ma ya gano. Dariyar ta ragu da kanta.

"To katin hwa?"

"Shi kam na ƙi shi da gaske."

Ya juya yana kallon ruwa. Wani masunci na wucewa a kan gora, ya ɗaga masa hannu, bai gani ba.

"Ukku na ɗauko."

"Na sani."

"Kuma tun Alhamis kin sani."

"Abokanka na wurin."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ba a iya lallaɓawa? Ko na 'yan watanni? In sa mishi hwanka ta biyu."

"Ba zafi ba ne. Ba don aikinmu aka yi shi ba. In layi ya ɓace min a allo, zan iya mance ƙarfe a rufi. Mutane za su tsaya a ƙarƙashin rufin nan da buhunansu. Kuma sunana ne a ƙasan zanen."

"In na aika Legas a nemo irin na Usmanu?"

"Litinin Injiniya ke son amsa. Na Usmanu na ofis, yana aiki."

"Wato aikin ya tahi."

"Ya tafi."

Ban ƙara da haƙuri ba, ban ce wani zai zo ba. Ban san ko wani zai zo ba. Na tsaya kawai. Iska ta taso daga ruwa, mai sanyi, mai ƙarnin kifi. Na ce a raina, in zai tafi yanzu ne.

Ya sa babban yatsan ƙafa yana tona ƙasa.

"Duk layinmu na gaya ma," ya ce. "Mai shayi ma ya sani."

"Ka ce musu Madam ta cika tsanani. Za su yarda."

"Wa zai musa?" Ya ja numfashi. "Hodi mai gidan gem na Badariya ya daɗe shina nema. Zai ɗauki biyu. Ɗayan in bar shi in riƙa tseren mota ina huce haushi." Ya dube ni ta gefen ido. "Ki koya min bambancin. Da kyau, ba a tsaye ba. Wani ohis zai tambaya wata rana, ba ni son in sake kunna ma ƙarhe hwanka gaban jama'a."

"Zan koya maka. Ka zo da sukudirebanka."

"Zaure?"

"Ina kuma?"

A nan na san baburin zai dawo. Ban nuna ba. Na gyara mayafi kawai.

"Saura ɗaya," ya ce. "Wagga ta hi ta kati. Baffa Tamba."

Baffa Tamba yayan mahaifinsa ne, shi ne babban gidansu tun rasuwar uban.

"Labarin kati ya kai mishi tun jiya. Da asuba ya kira ni ya wanke ni tas. Wai wane irin ɗa ne zai buga katin biki ba a je an gaida uban yarinya ba? Wai na zubar mishi da girma a Birnin Kebbi. Na ce Baffa na kwamfuta ne, ya ce in rufe mishi baki. Ya sa an hito da babbar riga, ya aika a sawo goro, wai da kanai zai je ya ba Malam babanki haƙuri ya nemi iri yadda ake yi."

"To?"

"To sai ga Hajiya ta dawo ta ce kin ƙi. Ya sa an mai da rigar. Yanzu shina zaune bakin zaure, goro a gabanai, ya ce in zo in ji daga bakinki." Ya sauya kifin zuwa ɗaya hannun. "Ni ban shirya yau ba, Ni'ima. Na so sai aikin ga ya tabbata, in zo da abin nunawa. Ga shi ba aiki. In ce mishi mi?"

Na dube shi. Laka har gwiwa, ido ja saboda rana, mutumin da na hana aikinsa na farko ɗazun nan, ya kuma nemi in koya masa dalili. Na san abin da kuke so in ce zuciyata ta yi. Ba ta yi komai ba. Ta zauna ne daram.

"Ka ce masa Baba na karatu da ɗalibansa har la'asar. In ya zo kafin nan zai daɗe a zaure."

Ya tsaya yana kallona, baki a ɗan buɗe.

"Wannan e ce?"

"Wannan lokaci ne. E ɗin a bakin Baba take."

Ya juya ya kama hanyar gidansu, da tafiya, sai sauri, sai gudu-gudu, wutsiyar giwan ruwan na share ƙasa a bayansa. Sai da ya kusa shan kwana na ɗaga murya.

"Albashir! Kifin na wane ne?"